Tocila da injin huda na mai kwale-kwale: batir za ka fara dubawa

Masuntan tafkin Madarunfa, da masu fiton mutane idan Gulbin Maradi ya kawo ruwa da damina, kayan aikinsu ya ƙaru a ƴan shekarun nan. Bayan filafili da taru da mamari, yanzu kowa na son tocila mai caji, wasu kuma har sun fara tambayar injin huda katako mai batir don gyaran jirgi a bakin ruwa. Kayan sun cika babbar kasuwar Maradi, waɗansu ta Kano da Katsina suka biyo, waɗansu ta Kwatano da Lome. Kwalayensu duk masu kyau ne. Shawarata ga mai saye ita ce ya ajiye kwali gefe, ya fara tambayar irin batir ɗin da ke ciki, domin a zafin garinmu batir ne ke fara mutuwa, kuma shi ne mafi tsada.

Tocilar caji iri biyu ce. Akwai babbar nan mai mariƙi, wadda galibi batir ɗin dalma ne a cikinta, mai volt 4 ko 6. Tana da araha da faɗin baki, amma tana da nauyi, kuma batir ɗin dalma ba ya jure zama babu caji. Ka bar ta a mace ta yi makonni a ɗaka, ko ka sake caja ta ba za ta riƙe wuta kamar da ba. Ɗayar ita ce mai batir ɗin litiyam, wanda ake kira 18650, ɗan dogo kamar yatsa, mai volt 3.7. Ita na fi so wa mai aikin ruwa, da sharaɗin murfinta yana kwancewa a zaro batir ɗin. In ya gaji, ka sa wani. In dare ya yi tsawo, na biyu yana cikin aljihu a ƙunshe a leda. Tocilar da aka rufe batir ɗinta ruf, ranar da ya mutu da ita zai tafi.

A nan ne kuma ake cutar mutane. Batir 18650 na gaskiya daga manyan kamfanoni ba ya wuce kimanin mAh 3,500, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka. Wanda ka ga an rubuta masa 8,800 ko 9,900, ƙarya ce tsagwaronta, kuma sau da yawa ko rabin na gaskiyar ba ya kaiwa. Ɗauke shi a hannu: na kirki yana kai giram 45 ko fiye kaɗan, na bogi sakayau yake. Haka adadin lumen, wato ma'aunin yawan haske. Ƴar tocila mai batir ɗaya da aka ce tana ba da lumen 100,000, kada ka tsaya ciniki. Lumen 500 zuwa 1,000 na gaskiya ya ishe ka hango gaɓa, da gorar da ka ɗaura wa taru alama, da kututturen da ke cikin ruwa. Abin da ke kai haske nesa shi ne faɗi da zurfin kwanon da ke bayan gilashi, wanda ke tattara shi wuri guda. Mai faɗin haske tana haska cikin jirgi da kyau, amma nesa ba ta kai ba.

Don haka nake ganin fitila biyu sun fi guda ɗaya babba. Ƴar ƙarama ta goshi, wadda za ta bar maka hannu biyu kana cire tarwaɗa daga ƙugiya ba tare da ƙayarta ta soke ka ba, sai ta hannu mai kai haske nesa, wadda za ka kunna kawai idan da buƙata. In ka samu mai haske ja-ja kamar na fitilar ƙwai, ka fifita ta a kan fari fat mai shuɗi-shuɗi. Lokacin hunturu, farin haske yana dawo maka ido daga hazo, da damina kuma ya fi tara ƙwari a fuska.

Maganar ruwa kada ka yarda da bakin mai kanti kawai, nemi rubutun IP a jiki, wato alamar jure ruwa da ƙura. IPX4 na nufin tana jure fantsama da yayyafi. IPX7 na nufin an gwada ta cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. IP67 ta haɗa wannan da hana ƙura shiga, abin da ya dace da mu ƙwarai. Ga kwale-kwale da ruwa ba ya rabuwa da gindinsa, IPX4 ta yi kaɗan. Duba robar da ke toshe ramin caji, ka kwance murfi ka ga ko akwai zoben roba a maƙale. Ka kuma ɗaura mata igiya a wuyan hannu, don jure ruwa ba zai hana ta nitsewa ba.

Injin huda kuwa, lissafinsa daban ne, domin kamfani kake zaɓa tun ranar farko. Batir ɗin Makita ba ya shiga Bosch, na DeWalt ba ya shiga Ingco. Duk injin da za ka ƙara nan gaba, na gidan da ka fara ne zai yi aiki da batir ɗinka. Makita da Bosch da DeWalt sun fi ƙarko, sun fi tsada, kuma su aka fi kwaikwaya, har wani lokaci launi da suna ne kawai na gaskiya. Ingco da Total suna da sauƙin kuɗi, ana samun batir da cajarsu a yankinmu ba wahala. Ga mutumin da zai ɗaure katako biyu-uku a wata, waɗannan sun wadatar. Kafinta mai ƙera jirage kullum shi ya kamata ya sa kuɗi a babban suna, ya nemi wanda aka rubuta wa Brushless, don injinsa bai cika zafi ba kuma yana tattalin batir.

Kada rubutun 20V ya sa ka ƙara ko dala a kan 18V. Abu ɗaya ne: ƙwayoyin batir biyar ne a jere, suna nuna 20 in sun cika, 18 a bakin aiki. Lambar da ke da amfani ita ce Ah. Mai 4Ah yana ɗauke da ninki biyu na wutar mai 2Ah. Ƙaramin inji mai volt 12 yana ɗaure sukuru, amma a busasshen katako mai tauri yana saurin gajiya, shi ya sa na tsaya kan 18, mai baki milimita 13, da batir biyu. Zarto mai batir da injin gurza ƙarfe suna shan wuta sosai. Masunci ɗaya bai buƙace su ba, sai dai ƴan ƙungiya su haɗa kuɗi su saya, a ajiye wurin Sarkin Ruwa ko wani amintacce. Sukurun da za ka sa a jirgi kuma ya zama mara tsatsa, in ba haka ba damina ɗaya za ta cinye shi ya bar maka rami.

Caja ma a duba ta. Wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, volt 220 ce, kayan gwanjo da suka fito daga Amurka kuwa galibi cajarsu ta 120 ce, kana soka ta za ta ƙone. Wanda ke ƙauyen da babu layin wuta, ko wanda bai manta wahalar 2023 ba lokacin da Najeriya ta yanke mana lantarki, ya nemi tocila mai ramin USB da farantin sola zai iya cikawa. Litiyam ba a caja shi in zafinsa ya haura digiri 45, kuma a watan Afrilu da Mayu batir ɗin da aka bari a rana cikin jirgi yana wuce haka. Kai shi inuwa ya huce tukuna. Wanda ya kumbura, ko ya faɗa ruwa, kada a sake caja shi, musamman a ɗakin da yara ke kwana.

Kafin ka biya, ka ce wa mai kanti: «Alhaji, a kunna mini ita tukuna.» Bar tocilar a kunne kamar minti goma ka ga ko hasken ya dusashe ko kanta ya yi zafin da hannu ba zai riƙe ba. Injin kuma a huda katako da shi a gabanka, sannan ka tambayi kuɗin batir shi kaɗai. In ya ce ba ya sayar da batir daban, je kanti na gaba.