Rangadin yini ɗaya a Vukovar: asibiti, gonar Ovčara da hasumiyar ruwa

Daga Zagreb zuwa Vukovar tafiya ce ta kusan kilomita 300, shi ya sa masu shirya rangadin yini ɗaya daga babban birnin Kuroshiya suke cinye wajen awa shida a kan hanya, zuwa da dawowa, su bar wa baƙo 'yan awanni kaɗan a cikin garin. Nan ne matsala ta farko. Wanda ya kwana a Osijek, mai nisan kilomita 35 ko kusa da haka, shi ne zai ga wuraren a natse. Ana iya zuwa ta jirgin ƙasa ta Vinkovci, amma wuraren tunawa da yaƙin 1991 a warwatse suke, kuma gonar Ovčara tana wajen gari da kimanin kilomita biyar, don haka ba makawa sai da mota. Kuɗin shiga da yuro ake biya, domin Kuroshiya ta bar kuɗinta na kuna tun 1 ga Janairun 2023.

Yawancin masu jagora sukan fara da hasumiyar tankin ruwa saboda ita ce ta fi fitowa a hoto. Kuskure ne. Da asibiti ya kamata a fara.

Sojojin tarayyar Yugoslabiya da mayaƙan sa-kai na Sabiyawa sun yi wa garin ƙawanya na kwana 87, daga 25 ga Agusta zuwa 18 ga Nuwamban 1991, ranar da ya faɗa hannunsu, yayin da masu kare shi ba su wuce mutum 1,800 ba. A tsawon wannan lokaci asibitin ya koma ƙarƙashin ƙasa gaba ɗaya, a hannun shugabarsa Dakta Vesna Bosanac da likitan tiyata Juraj Njavro. Wannan ɓangare na ƙarƙashin ƙasa shi aka mayar wurin tunawa. Za ka bi ta matsattsen lungu, ga gadaje masu hawa biyu, ga mutum-mutumi naɗe da bandeji a kansu, ga ramin da bam mai nauyin kilo 250 ya huda ta sama, ya ratsa benaye ya faɗo kan gadon wani majiyyaci bai fashe ba. Ana nuna ɗan gajeren fim kafin a shiga. Kada a tsallake shi don sauri, domin shi ne ke sa abin da ke cikin ɗakunan ya yi ma'ana. Rufin ƙasa-ƙasa ne, wurin kuma ba ya ɗaukar jama'a. Idan ayarin 'yan makaranta ya riga ka shiga, gara ka jira su fito, kuma ana yawan haɗuwa da su, tunda ana kai ɗaliban aji takwas na faɗin ƙasar ziyara garin.

Daga asibiti sai Ovčara, domin a haka abin ya faru. Ranar 20 ga Nuwamba aka fitar da raunanan mayaƙa da ma'aikatan asibiti da fararen hula ta ƙofar baya, aka zuba su cikin bas, alhali an tsare wakilin ƙungiyar Red Cross a kan gada. An kai su wani rumbun ajiyar kayan gona, aka lakaɗa musu duka, sannan da dare aka riƙa kwasarsu kashi-kashi ana harbewa. A 1996 aka tono gawa 200 daga kabari ɗaya. Ɗan jaridar gidan rediyon garin, Siniša Glavašević, yana cikinsu. Rumbun shi ne yanzu gidan tunawa, kuma a duk rangadin babu inda aka tsara da basira kamarsa. Ciki duhu ne. Hotunan waɗanda aka kashe suna haskawa a bango ɗaya bayan ɗaya su dushe, an dasa kwankon harsashi a cikin simintin daɓe, a ƙasan hotunan kuma ga abin da aka samu a jikin gawarwakin: makulli, agogo, tabarau. Minti goma ba ya isa wurin nan, ko da mai jagora yana duba agogonsa. Shi kansa kabarin yana gaba kaɗan cikin gonaki, kuma wasu ayarin ba sa ƙarasawa sai an nemi hakan tun kafin a tashi.

Mai jagora na kirki zai faɗa maka abin da kotun laifukan yaƙi ta Hague ta yanke a kan hafsoshin sojan Yugoslabiya uku: an ɗaure Mile Mrkšić shekara 20, Veselin Šljivančanin ya ƙare da shekara 10 bayan ɗaukaka ƙara da sake duba hukunci, aka kuma sallami Miroslav Radić. Idan naka bai ambata ba, ka tambaya.

Maƙabartar tunawa, mai fararen gicciye 938, kowanne a madadin gawar da aka tono a wurin, tana kan hanyar komawa gari. Rabin awa ya wadatar. Filin tankokin yaƙi da bindigogi a tsohon barikin soja na masu sha'awar makamai ne, wanda lokaci ya ƙure masa zai iya wucewa.

Hasumiyar ruwa a ajiye ta sai la'asar. Tsayinta mita 50, an gina ta a shekarun 1960, an kuma harbe ta fiye da sau 600 ba ta faɗi ba. Da aka gyara ta aka buɗe a 2020, da gangan aka bar ramukan harsashin yadda suke, aka ƙarfafa ta daga ciki. Akwai lif, akwai matakala 198. Daga sama kogin Danube ne a gabanka, kuma ƙasar da ke ɗaya gaɓar Sabiya ce. Sai mutum ya tsaya a nan yake gane dalilin da ya sa garin bai da mafita, tunda har daga ƙetaren kogin ake yi masa ruwan wuta.

Inda rangadin yake da rauni shi ne siyasa. Labarin yakan fara ne daga harbin farko, kamar yaƙin daga sama ya faɗo. Baƙo yana buƙatar ya zo da wasu abubuwa a kansa. A zaɓen jam'iyyu da yawa da aka yi a Kuroshiya a Afrilu da Mayun 1990, tana cikin tarayyar Yugoslabiya, jam'iyyar HDZ ta Franjo Tuđman ta kayar da 'yan kwaminis. Tsarin mulkin Disamban shekarar ya lissafa Sabiyawa cikin tsiraru, abin da ya tayar da hankalin da yawansu, farfagandar gwamnatin shugaban Sabiya Slobodan Milošević daga Belgrade kuma tana ƙara wa wutar fetur. Ranar 2 ga Mayun 1991 aka kashe 'yan sandan Kuroshiya 12 a Borovo Selo, dab da garin, sannan Kuroshiya ta ayyana 'yancin kai daga Yugoslabiya ranar 25 ga Yuni. Kafin wannan duka Vukovar garin masana'anta ne da Kuroshiyawa da Sabiyawa ke aiki kafaɗa da kafaɗa a kamfanin takalma na Borovo, mai ma'aikata sama da 20,000. Akwai kuma fararen hula Sabiyawa da aka kashe ko suka ɓace a garin kafin ƙawanyar, kuma ba kowane mai jagora ne zai ɗauko zancensu da kansa ba.

Haka ma ƙarshen labarin yakan sha gaggawa, alhali shi ne mafi ban mamaki: ba da yaƙi Vukovar ta koma hannun Kuroshiya ba. Yarjejeniyar Erdut ta Nuwamban 1995 ce ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙe yankin na wucin gadi, ta miƙa shi ranar 15 ga Janairun 1998. Ciwon dai bai gama warkewa ba, don a 2013 an farfasa allunan ofisoshin gwamnati da aka ƙara wa rubutun Sirilik na Sabiyawa. Saboda haka kafin ka biya kuɗi, tambayi mai shirya rangadin awa nawa za a yi a cikin garin, ko za a je kabarin Ovčara, da ko mai jagoran zai yi bayanin 1990 da 1998.

Ranar 18 ga Nuwamba hutu ne a ƙasar, dubun dubatar mutane sukan yi tattaki daga asibiti zuwa maƙabarta, ana rufe hanyoyi, masauki kuma yakan ƙare tun da wuri. Mai son ganin taron ya kama ɗaki da watanni. Mai son shiga ƙasan asibitin a natse ya zaɓi wani makon.