Cochrane Library: rumbun da ke auna gwaji kafin ya yarda da shi

Likita ko ɗalibin kiwon lafiya da ya ji an ce an haɗa sakamakon gwaje-gwaje ashirin an tabbatar wani magani yana aiki, ya kamata ya leƙa Cochrane Library kafin ya gaskata. Rumbu ne na intanet da ke tara bitoci, wato nazarce-nazarcen da ke tattara gwaje-gwajen da aka yi kan tambaya ɗaya su auna su, na ƙungiyar Cochrane, wadda aka kafa a Ingila a 1993, kamfanin Wiley kuma ke wallafawa. Taƙaitaccen bayanin kowace bita kyauta ne ga kowa, amma cikakken rubutun sabbin bitoci yakan buƙaci biyan kuɗi ko shiga ta hannun jami'a. Ƙungiyar tana da reshe a Kalaba.

Abin da ya fi daraja a ganina shi ne masu bitar ba sa ɓoye ma'auninsu. Idan ka buɗe bita za ka tarar da jadawali mai ɗigo-ɗigo, kore da rawaya da ja, inda aka bi gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya: shin da ƙuri'a aka raba marasa lafiya, shin likitocin sun san wanda ya sha maganin gaske da wanda ya sha na bogi, mutum nawa suka fice kafin a kammala. A zanen sakamako kuma kowane gwaji yana da ɗan layinsa a kwance, dogon layi na nuna ƙarancin tabbas, sai a ƙasa a ga siffar lu'ulu'u da ke wakiltar jimilla. Daga nan a faɗa maka ƙarfin hujjar, mai ƙarfi ce, matsakaiciya, mai rauni ko mai rauni ƙwarai.

Wannan taka-tsantsan yana da dalili. Ƙananan gwaje-gwajen da suka nuna magani ya yi aiki sun fi samun shiga mujallu, waɗanda ba su nuna komai ba kuwa su kwana a cikin durowa, don haka mai haɗa abin da aka buga kawai zai iya samun lissafi daidai amma amsa karkatacciya. Labarin Tamiflu, wani maganin mura, ya isa shaida. A 2009 wani likitan yara ɗan Japan, Keiji Hayashi, ya ja hankalin Cochrane cewa iƙirarin maganin yana hana mura tsananta ya dogara ne ga gwaje-gwaje goma da kamfanin Roche ya ɗauki nauyi, takwas daga ciki ba a taɓa buga su cikakku ba. Wani mai bitar Cochrane, Tom Jefferson, da abokan aikinsa suka yi shekaru suna neman cikakkun rahotannin, kuma bitar da suka fitar a 2014 ta nuna maganin yana rage tsawon lokacin da manya ke fama da alamun mura da kusan awa 17, ba tare da kyakkyawar shaidar cewa yana rage kwantarwa a asibiti ba, alhali gwamnatoci sun riga sun zuba maƙudan kuɗi wajen jibge shi.

Haka aka yi da ivermectin lokacin korona, maganin da jama'armu suka sani da sunan Mectizan a rabon maganin cutar makanta da ƙudan rafi ke yaɗawa. Wasu nazarce-nazarce sun ce yana rage mace-mace sosai, amma wake ɗaya ke ɓata gari: wani gwaji daga Masar ya ja sakamakon nasu da ƙarfi, kuma aka janye shi a watan Yulin 2021 bayan an ga alamun maimaita bayanan marasa lafiya. Bitar Cochrane da ta fito a wannan watan ba ta saka shi a lissafinta ba, ta kuma ce hujjar ba ta kai a yanke hukunci ba.

Inda rumbun yake da rauni shi ne taƙaitaccen bayanin nan, wanda shi kaɗai yawancin mutane ke karantawa. Bitar takunkumin fuska ta Janairun 2023 ta samu sakamakon da bai yanke ko ta wane ɓangare ba, amma yadda aka tsara jimlolin ya sa aka yi ta yaɗa cewa Cochrane ta ce takunkumi ba shi da amfani, har babbar editarsu ta lokacin, Karla Soares-Weiser, ta fito a watan Maris ta ce wannan fassara kuskure ce. Ƙungiyar da ta ƙware wajen kama kuskuren wasu bai kamata ta bar irin wannan ƙofa a buɗe ba.

Cikakkun bitocin kuma dogaye ne, cikin Ingilishi mai nauyi da zai wahalar da ma'aikacin ƙaramin asibiti mai layin marasa lafiya a gabansa. Akwai kuma waɗanda suka shekara da shekaru ba a sabunta su ba, saboda haka ranar da aka yi binciken gwaje-gwaje na ƙarshe, wadda ake rubutawa a sashen hanyoyin bincike, ita ya kamata a fara dubawa kafin a sauka kan lu'ulu'un.