Idan nama ya fi ƙarfin tukunya: wake, awara ko ƙuli-ƙuli?

Duk mai zuwa cefane a Garwa, nan arewacin Kamaru, ya san inda kuɗin kilon nama ya kai. Mahauci na yanka, kai kana lissafin bakunan da ke jiran ka a gida. Akwai kuma waɗanda ba aljihu ne ya hana su ba, likita ne ya ce su rage jan nama saboda hawan jini ko ciwon gaɓoɓi. Dukansu tambaya ɗaya suke shiga kasuwa da ita: me zai tsaya a madadin tsoka, yara su ƙoshi, jiki bai rame ba? Ni dai amsata wake ce, ba sai na yi ta kewaye-kewaye ba. Amma zan taɓo sauran, kada masu awara su ce na yi son kai.

Girki ba nama tsohon abu ne a duniya. Mabiya addinin Jain a Indiya sun fi shekara 2,000 ba sa cin abin da aka yanka, masu tsananin cikinsu har albasa da dankali suke gudu don ana tono su daga ƙasa. Abul Ala al-Ma'arri, makahon mawaƙin nan na Sham da ya rasu a 1057, ya bar nama da madara da ƙwai da zuma. A Ingila har ƙungiya masu ƙin nama suka kafa a 1847. Mu ba wannan layin muke ba, nama halal ne, kuma ranar layya ba wanda zai gan ni da kwanon wake. Abin lura ɗaya ne: duk inda aka daɗe ana girki ba nama, dangin wake ne ke riƙe da tukunya. Indiyawa na da miyar adas da suke kira dal, Misrawa na karyawa da ful, Kiristocin Habasha na cin shiro a kwanakin azuminsu masu yawa, mutanen Sin kuma waken suya suka mayar tofu. Ba wata al'umma da ta rayu da salak da tumatir.

To namu waken fa? Busasshen wake giram 100 na ɗauke da furotin, wato sinadarin gina jiki, wajen giram 23 zuwa 25. Ɗanyen naman sa bai wuce 20 da ɗoriya ba. Sai dai a yi adalci, wake na shan ruwa idan ya dahu, don haka cokali da cokali nama ya fi shi, dole a ci shi da yawa. Ai kuwa da yawa muke cin sa. Wani abin kuma, sinadarin da dawa da gero da masara suka gaza a kai, wake na da shi a wadace, wanda wake ya gaza a kai kuma hatsi na cike giɓin. Ke nan wake da shinkafa, ko ƙosai da koko, ko tuwon masakwa da miyar wake, haɗi ne da iyayenmu suka gano tun kafin a buɗe ɗakin bincike.

Abin da ya sa nake fifita shi a kan kowa shi ne tasa ɗaya ta wake na iya zama abinci kala-kala ba a gaji ba. A jiƙa, a surfa, a markaɗa da albasa da attarugu, a buga ƙullun sosai har ya yi fari ya ɗago, ga ƙosai mai sakayau wanda ba ya shan mai. A sassauta ƙullun da ruwa, a sa manja, a turara, ga alala. 'Yan kudu ma kokinsu ke nan, sai dai su a ganyen ayaba suke naɗewa. Garinsa da garin rogo da kuka da 'yar kanwa, ga ɗanwake, a yaryaɗa man gyaɗa a barbaɗa yaji. A watsa surfaffe cikin miyar yakuwa ko zogale ko tafasa, ya narke ya ba miya kauri, a jefa daddawar batso, wallahi sai an kusa gama tuwo kafin wani ya tuna ba nama. Ganyensa ɗanye miya ne, harawarsa ta tumaki ce. Kuma ba ya neman firji, wanda a garin da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama ba ƙaramin abu ba ne.

Wajen zaɓe, fari shi ne na ƙosai da alala don ɓawonsa na saurin fita. Ja ya fi zaƙi a dafa-duka. Sabon wake, wanda ke shigowa daga Oktoba zuwa Disamba, nan da nan yake nuna, tsoho kuwa sai ya cinye gawayin da kuɗinsa ya kusa na waken. Masu kukan kumburin ciki su jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a zubar da na tafasar farko, a kuma rage hannu a kanwa.

Awara ce ta biyu, kuma ba na raina ta. Waken suya ya fi namu furotin nesa, yana haura giram 35. Tofu ce ta mutanen Sin da Japan ta zo ta zauna da mu, sai muka ƙara mata suya da yaji. Mai kyau, idan ka ɓara, cikinta fari ne sumul, tana ɗan lotsawa ta dawo, ba ta da ɗaci. Matsalarta ba ta jimiri. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, wadda aka yi da safe kafin magariba ta fara yauƙi, wasu kuma maimakon su zubar sai su sake jefa ta a mai su haɗa da ta yau. Leƙa kaskon kafin ka miƙa kuɗi. Idan man ya yi baƙi yana kumfa, wuce. Ka kuma tambayi mai yi, "Hajiya, da me aka haɗa ta?" Ruwan tsami ko tsamiya ko lemun tsami, madalla. Wadda aka cika wa alif kuwa za ka ji ta tana ɗaure harshe.

Ƙuli-ƙuli abin taunawa ne da yajin kwaɗo, ba abincin gida ba, kuma gyaɗar da ta yi fumfuna, wadda ba ta sayuwa a tasa, sau da yawa can take ƙarewa, alhali dafin fumfunar nan hanta yake ci. Gurjiya daɗi gare ta amma ba ta tausayin icce. Adas na kanti na saurin dahuwa, kuɗinsa ne ba na talaka ba. Gwangwanayen waje kuwa a bar wa masu albashin ƙungiyoyi. Dihe na mutanen Kanem a Cadi, koren nan da matan Kanembu ke kwasowa daga tafkunan kanwa su shanya, fiye da rabinsa furotin ne, amma ɗan kaɗan ake sa wa miya, kuma na gargajiya a kan rairayi ake busar da shi, sai ka shirya haƙoranka. Ƙwai da kindirmo su kam a riƙe su ko da sau biyu ne a mako, domin akwai bitamin B12 da jini da jijiyoyi ke buƙata, kuma wake da awara ba su da shi. Mai ciki da ƙananan yara musamman kada a yanke musu.

Yanzu ga abin da ya fi damu na, kuma shi ya kamata mai sayen wake ya fi sa wa ido: magani. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, cikin 'yan watanni ya mayar da buhu gari. Masu ɓoye kaya don jiran tsada sun san haka, sai wasunsu su tsiyaya fiya-fiya kai tsaye a kan waken, ko su cusa ƙwayar hayaƙin nan da aka yi don manyan rumbuna a tsakiyar buhu ba tare da ko ƙyalle ba. Wani ɗan kasuwa ya taɓa auna mini irin wannan, wake fari tas, ba huji ko ɗaya, yana ta rantsuwa sabon ɗauka ne alhali damina ta yi nisa. Ana ɗora tukunya warin ya cika tsakar gida, kamar an fesa maganin sauro. Yaron da ya riga kowa ɗanɗanawa ya kwana yana amai. Da na koma masa, buɗar bakinsa sai cewa ya yi, "Haba Malam, ai wankewa ake yi." Wanki na rage na saman ɓawo, ba ya fitar da wanda ya ratsa ƙwaya.

Ba ƙorafin mutum ɗaya ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin diklobos da aka samu a ciki, wato irin wanda ke cikin fiya-fiya. Turawa sun rufe ƙofarsu sun huta. Mu kuwa iyakarmu da Najeriya buhuna na tsallaka ta ta kowane ɓangare, kuma namu 'yan kasuwar ma ba waliyyai ba ne.

Don haka idan ka tsaya gaban buhu, a babbar kasuwa ne ko a Pitowa ranar Lahadi, kada ka ɗebi na sama. Nutsa hannu har gwiwar hannu, ka damƙo na ciki, ka murza a tafi ya ɗan yi ɗumi, sannan ka shinshina. Warin kalanzir, ko na tafarnuwa-tafarnuwa, ko wani maiƙo a tafin hannu, ko farin gari mai launin toka da ba na waken ba, duk alamun gudu ne. Daga Afrilu zuwa gaba, waken da ke zube a buɗe ba huji ko ɗaya, ba ƙwaro ko ɗaya da ke yawo a kai, abin tambaya ne. Ni na fi son in ga ƙwaro biyu-uku suna tafiya, in shanya a rana in bakace. Idan kuwa aka ci wake aka ga mutum na amai da zawo, yawu na dalala, gumi na keto masa, a nufi asibiti. Manja da madara ba sa karya wannan dafin.

Sauran ha'incin ƙanana ne amma suna cin kuɗi. Akwai tasar da aka buga gindinta ya shige ciki. Akwai cakuɗa tsoho da sabo, ka dafa rabi ya narke rabi na ƙaras-ƙaras, kuma ana gane shi da bambancin haske a ƙwayoyin. Akwai tsakuwa da aka ƙara da gangan. Akwai wanda aka yayyafa wa ruwa don ya kumbura, shi kuma ciza ƙwaya ɗaya ke tona asirinsa: busasshe ƙas yake fashewa, mai danshi lotsawa yake.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi na shekara da kaka daga hannun manomi, ka adana da kanka. Abin daɗin shi ne dabarar a nan arewacin Kamaru aka fara gwada ta. Masu binciken noma na Marwa da na jami'ar Purdue ta Amurka ne suka yi aiki kan buhu mai ruɓi uku tun ƙarshen shekarun 1980, kuma shi ne daga 2007 aka yaɗa da sunan PICS. Leda biyu ce masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Iska ba ta shiga, ƙwaron ya shaƙe wadda ta rage ya mutu, ba digon magani. A nan ma akwai jabu, ledar shinkafa ce siririya ake sawa biyu a ce shi ne. Kafin ka biya, hura iska a kowace leda ka matse bakin, ka ji ko tana sacewa. A tabbata waken ya bushe sarai, a matse iska, a ɗaure kowane ruɓi daban, a ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Wanda bai samu buhun ba, jarka mai murfin kirki da aka wanke ta bushe, aka cika ta har wuya, tana yin aikin. Na girkin wata ɗaya a ware shi gefe tun farko, don kada a riƙa buɗe babban kullum.