Pampas ko nafkin na wanki: wanne za a ɗauka a tafiya da jariri?

'Yar'uwa, tsakanin pampas da nafkin na wanki da kika ce a zaɓa miki don tafiyar da za ki yi da jaririnki, pampas za ki ɗauka. Ina da duka biyun, kuma ba na kushe nafkin idan ana zaune wuri ɗaya, ga ruwa, ga sabulu, ga igiyar shanya. A hanya kuwa, babbar damuwar uwa ita ce inda za ta kai ƙazanta bayan ta cire ta daga jikin yaro, kuma a nan ne pampas ya yi wa nafkin nisa.

A cikin audugar pampas akwai wasu ƙananan ƙwayoyi farare, waɗanda kamfanoni suka fara sakawa tun shekarun 1980, masu shanye ruwan da ya ninka nauyinsu sau da yawa su riƙe shi a daskare, shi ya sa ko yaro ya zauna a kansa fitsarin ba ya dawowa jikinsa. Amfanin wannan ya wuce kare tufafi. Idan fitsari ya haɗu da kashi suka daɗe a jikin fata, ƙwayoyin cutar da ke cikin kashin sukan mayar da wani sinadarin fitsarin ya zama ammoniya, wato wannan zarnin mai hawa kai, daga nan sai fata ta yi laushi, ta yi ja, ta fara saɓulewa a matse-matsi. Yaron da mazaunansa suka yi haka ba zai bari kowa ya huta a mota ba.

Akwai wata tafiya da cunkoso ya riƙe mu ana tsananin zafi, 'yata kuma ta yi kashi mai ruwa-ruwa a daidai inda babu damar tsayawa. Na riga na sallama rigarta da zanen da na shimfiɗa a cinyata. Da muka sami wuri na kwantar da ita a kujerar baya na buɗe, sai na tarar 'yar robar nan mai tattara da ke zagaye da cinya ta tare komai, ko ɗigo bai fita ba. Na goge ta, na naɗe pampas ɗin da mannensa, na ƙulle a leda, kafin direba ya gama duba taya yarinya ta koma wasanta tana cafkar ɗankwalina. Tun daga ranar ba na ɗaura mata pampas ba tare da na zagaya da yatsa na fito da wannan tattarar waje ba, domin idan ta lanƙwashe ciki, ta nan yoyo ke farawa.

Shi kuwa nafkin na zamani, mai maɓallai da ƙyallen da ake zurawa ciki, yana da kyau a ido kuma yana rage kashe kuɗi idan aka daɗe ana amfani da shi, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Wanda na saya musamman don tafiya yana nan a ƙasan akwati. Yana jiƙewa da wuri, kowane ɗaya da kika cire ya zama kayan da za ki riƙa yawo da shi a jiƙe har ki isa, sannan yana son wanki da ruwa mai zafi, ga kaurin ƙyallen ba ya barin sa ya bushe a dare ɗaya.

Sai dai kada shanye ruwan pampas ya sa ki sakankance. A canza shi duk bayan awa 2 zuwa 3, idan kuma kashi ne a canza da zarar an sami wurin tsayawa. Da wannan za ki yi lissafin adadin da za ki ɗauka, ki ƙara wasu saboda jinkiri, ki sa su a jakar da ke hannunki, domin wanda ke cikin akwatin da aka danne da kaya ba shi da amfani a lokacin buƙata. Lambar girman pampas kuma da nauyin yaro ake zaɓenta, watanninsa ba sa nuna komai. A wajen kamfanoni da yawa lamba 3 takan kama daga kilo 6 zuwa 10, lamba 4 kuma daga 9 zuwa 14, kuma idan kin ɗaura, yatsu biyu su iya shiga ta ƙugu. Kada ki gwada sabon samfuri ranar tafiya. Wanda fatarsa ta saba da shi za ki ɗauka.

Wajen gogewa, ki nemi tishu mai danshi wanda ba a sa masa turare ba, ki haɗa da ƙaramar gorar ruwa da tawul mai laushi, saboda idan fata ta riga ta yi ja ruwa ya fi sauƙi a kanta. Idan mace ce, daga gaba zuwa baya ake gogewa. Ki bari wurin ya bushe kafin ki rufe, ki shafa basilin ko man da ke da sinadarin zink. Hoda kuwa ki bar ta a gida, likitocin yara suna hana ta saboda ƙurarta na shiga huhun jariri. Shimfiɗa mai leda a bayanta, kayan canji na yaro, da riga ɗaya taki saboda tumbuɗi, sun isa. Bayan kin gama ki wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, in babu ruwa ki yi amfani da man tsabtace hannu.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa marasa amana. Wasu sukan tattaro pampas ɗin da aka ware saboda aibi su zuba a ledar da ta yi kama da ta sanannen kamfani, wasu su cakuɗa lambobi a ƙunshi ɗaya, wasu kuma su zuba ruwa a tishun da ya bushe su mayar da murfi, alhali wannan ruwan kan haifar da ƙwayoyin cuta. Ki guji na ɗai-ɗai da aka buɗe ƙura na hawa kansa. Ki duba cewa bakin ƙunshin a liƙe yake daga kamfani, rubutunsa bai dushe ba, kuma akwai ranar da aka yi shi. Kafin ranar tafiya ki ciro ɗaya ki zuba masa rabin kofin ruwa, ki jira minti 2, sannan ki danna busasshen tishu a kai. Idan tishun ya jiƙe sharkaf, ki mayar wa mai shi kayansa ki nemi wani.