Hana DJ gaba ɗaya ko a sa masa lokaci?

In kansiloli suka zauna kan hayaniyar biki, hanya biyu ce ke gabansu. Ta farko a ce kawai an hana DJ a gari, shikenan. Daɗin ji kam akwai, dattawa za su yi ta sa wa ciyaman albarka, amma fa bikin ba ya mutuwa, komawa yake ƙauyen bayan gari ko cikin gida a rufe ƙofa, yaron da ya ci bashi ya sayi sifika da janareta kuma ya rasa abin yi. Kuma mai injin markaɗe da mai walda da ke ta ƙara tun asuba, su dokar ba ta ko kalle su ba.

Ta biyu a sa lokaci, a ce goma na dare kowa ya kashe, kusa da asibiti da makaranta kuma ba a kunnawa sam, mai biki ya karɓi takardar izini a sakatariya ya biya ɗan wani abu. Dokar da NESREA, hukumar kare muhalli ta Najeriya, ta fitar a 2009 ma ƙayyade ƙara ta yi dare da rana, ba hanawa ba. Ni dai wannan hanya ta biyu na fi so gaskiya, musamman in kuɗin zai tafi kwashe bola da yashe kwatami, aikin ƙaramar hukuma ne dama. Matsalarta ɗaya, wa zai fito sha ɗaya na dare ya kashe sifikar bikin 'yar kansila? 'Yan bijilanti na iya, in dai ana biyansu alawus akan lokaci.