Layin CUG ko kiran intanet: wanne ya fi wa mai yara a kan hanya?

Bari in maimaita tambayar Alhaji saboda waɗanda ba su gan ta ba. Yana da sito a cikin garin Sakkwato, yana da direbobi da yaran kai kaya da ke zagaya kasuwannin Illela da Achida da Tambuwal. Kuɗin katin da yake raba musu ya fara yi masa nauyi tun da hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data a Janairun 2025. Wani ya ba shi shawarar ya saka Wi-Fi, kowa ya koma kira ta intanet a huta da kati. Shi ne yake so ya ji: ya bi wannan shawara, ko ya yi wa yaransa layin CUG, wato layukan rukuni ɗaya da ke kiran junansu ba tare da an ci kati ba?

Alhaji, Allah shi ƙara buɗi. Kada ka fara da lissafin kuɗin minti. Fara da inda ƙafar yaron take a lokacin da kake neman sa. Magatakardan da ke yawo tsakanin buhuna a sito da direban da ke tsakanin Gwadabawa da Illela duk suna riƙe da waya, amma abin da zai kai muryarka kunnen wannan ba shi ne zai kai ta kunnen wancan ba.

Kiran layi na yau da kullum kamar shatar mota ne. Da ka buga aka ɗauka, an ware muku hanya ku biyu har ku kashe. Kiran intanet kuwa kaya ne da aka rarraba a motocin haya. Ana yanka muryarka gutsi-gutsi, kusan ƙunshi 50 a kowace daƙiƙa, kowane ƙunshi ya shiga layi tare da bidiyon da wani ke kallo da hoton da wani ke turawa, a can ɗaya ɓangaren kuma a sake harhaɗa su. In saƙon rubutu ya makara da daƙiƙa biyar ba wanda zai lura. Murya ba ta da wannan haƙurin. Ma'aunin da hukumar sadarwa ta duniya ITU ta ba da shawara shi ne kada jinkirin ya wuce kashi 150 cikin 1000 na daƙiƙa ɗaya. Da ya fara yin nisa da haka sai ka ji ku biyu kuna cin karo da maganar juna, kai ka yi shiru shi ma ya yi shiru, sannan ku fara tare. In kuma wasu ƙunshin suka ɓace a hanya, sai ka ce "buhu arba'in" shi ya ji "buhu ...ba'in", ya tsaya yana wasi-wasi ko saba'in ka ce. A hirar zumunci wannan abin dariya ne, a ciniki kuwa asara ce.

To CUG fa? Layi ne na yau da kullum, sai dai kamfanin sadarwa ya haɗa lambobin ma'aikatanka rukuni ɗaya, kana biyan kuɗi tsayayye a kan kowane layi duk wata, su kuma suna kiran junansu ba tare da an ci musu kati ba. MTN da Airtel da Glo duk suna yi. Yawanci za su nemi takardar rajistar kasuwancinka ta CAC da wani mafi ƙarancin adadin layuka. Ƙarfinsa a kan hanya yake. Yana aiki a kan 2G, wadda ita ce ta fi kowace nisan zango a karkara, kuma muryar GSM ba ta buƙatar fiye da kimanin kilobit 13 a daƙiƙa. Shi ya sa a ƙauyen da WhatsApp ke ta juyi yana "haɗawa", ƙaramar waya mai tocila da sanda ɗaya ta sabis za ta shiga tsaf. Ita ƙaramar wayar tana kwana da yini da caji ɗaya, ta faɗo daga mota a ɗauke ta a kakkaɓe, kuma ba ta tsone wa ɓarawo ido a cunkoson kasuwa. Lokacin da mota ke gudu, miƙa kira daga wannan turken sabis zuwa na gaba abu ne da aka gina tsarin GSM a kansa tun asali, direba ba ya ma sanin an yi.

Rauninsa kuma a fili yake. Rangwamen na 'yan cikin rukuni ne kawai, kuma a kan kamfani ɗaya. Kiran kwastoma ko dillali ko makanike duk da kati ne. In kamfanin da ka zaɓa ba shi da ƙarfi a yankin Wurno ko Goronyo, biyan kuɗin wata ba zai kawo masa ƙarfi ba. Don haka kafin ka sa hannu, tambayi direbobinka wane layi ne ke ɗauka a hanyoyin da suke bi. Sun fi taswirar kowane kamfani sanin wannan, domin su ne suka san daidai kwanar da ake cewa "bari in wuce nan in kira ka".

Kiran intanet kuma ba abu ɗaya ba ne, a nan ne shawarar da aka ba ka ta cakuɗa abubuwa biyu.

Na farko shi ne WhatsApp, wanda ya fara kiran murya a 2015. Arha ne ƙwarai, minti ɗaya bai cika cin megabait ɗaya ba. In kana da abokan ciniki a Birnin Ƙonni ko Tawa ko Maraɗi, babu abin da ya kai shi, domin bai san iyakar ƙasa ba, alhali kiran lambar Nijar da kati kiran ƙasar waje ne. Sai dai dole kowane ɓangare ya kasance da babbar waya da data da sabis mai kyau a lokaci guda, kuma da yawa cikin masu shagunan ƙauye da ke sayen kayanka ƙaramar waya ce a aljihunsu. Ran Lahadi a kasuwar Illela, lokacin da dubban wayoyi suka taru a kan turke ɗaya, data ce ke fara shaƙewa. Ni a ganina alherin WhatsApp ga mai yara a hanya ba a kira yake ba, a saƙon murya da hoto yake. Saƙon murya yana jira a waya har sabis ya dawo sannan ya tafi, kuma gobe in an yi gardamar farashi ana iya sake saurarensa. Hoton rasit ko na tayar da ta fashe ya fi dogon bayani. Abu ɗaya da ya kamata kowane direba ya sani: WhatsApp ba ya kiran lambar gaggawa ta 112.

Na biyu shi ne abin da masu sana'armu ke kira PBX, wato ɗan akwatin raba kira da ake ajiyewa a ofis, ko a yi hayarsa a intanet. Irin su Yeastar da Grandstream da 3CX ne aka fi gani. Kowane ma'aikaci yana da gajeriyar lambarsa, 101 ofis, 102 sito, 103 mai karɓar kuɗi, da manhaja a wayarsa. Kwastoma lamba ɗaya ya sani, in ya kira sai ta yi ƙara a wayoyi uku, wanda ya ɗauka kuma yana iya miƙa shi ga wani ba tare da an ce "kashe ka kira wane" ba. In akwatin a cikin ginin yake, kira tsakanin ofis da sito a kan Wi-Fi ɗinka ba ya buƙatar intanet sam, ko data ta ƙare yana aiki. Kuma ba faɗin hanya yake ci ba: ko da mafi cin tsarin murya, kira 10 a lokaci guda ba su kai megabit ɗaya a daƙiƙa.

Amma Wi-Fi na cikin katanga ne, kuma ko a cikin katangar sai an yi masa aiki. Rauta, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi, guda ɗaya a teburin ofis ba za ta ratsa sito mai cike da kaya ba. Ƙarfe yana tare ta, ruwa yana shanye ta, don haka kwantena da tulin katan-katan na lemo da ruwan roba duk shamaki ne. Ka gwada a sito lokacin da babu kaya ka ji garau, ranar da tirela ta sauke sai lungun baya ya mutu. A zangunan Wi-Fi, zangon 2.4 ya fi ratsa bango, amma tashoshi 3 kacal ne a cikinsa da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma a wuri mai cunkoso kamar kewayen babbar kasuwa kowane maƙwabci yana kai. Zangon 5 ya fi sarari amma bai da nisa. Maganin shi ne a kafa na'urori biyu ko uku a sama, a haɗa su da waya, ba irin 'yan ƙaramin abin ƙara zango da ake soka wa a soket ba. Ka tambayi mai haɗa maka abu biyu: shin na'urorin suna da 802.11r, wanda ke sa waya ta tsallaka daga wannan zuwa waccan cikin hanzari ba tare da kira ya yanke ba, kuma shin ya kunna WMM, wanda ke sa murya gaba da bidiyo a layi? In ya tsaya yana sosa ƙeya, nemi wani.

Sai wuta da zafi, waɗanda mai zana tsari a Turai ba ya sa su a lissafi. Turken kamfanin sadarwa yana da janareto da batura nasa. Rautarka kuwa da an ɗauke wuta ta mutu, kuma tana ɗaukar minti ɗaya ko biyu kafin ta dawo bayan an tayar da inji. Wutar da take ci kaɗan ce, ƙaramin batir ko inbata da sola ya ishe ta, amma sai an tanada. Kada kuma a manna ta a jikin kwanon rufi. A Afrilu da Mayu, da zafin garin nan ke haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano tanda ne, sai ka ga na'ura tana kashe kanta da azahar ana ta zargin kamfanin intanet.

Akwai wata ƙaramar matsala da ke sa mutane tsanar tsarin baki ɗaya. Wayoyin Android da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don adana caji. Yaro ya sa waya a aljihu, manhajar kira ta yi barci, kwastoma yana ta bugawa ba ta yi ƙara ba. Gyaran na minti biyu ne a saitin batir, amma sai an bi kowace waya ɗaya bayan ɗaya.

Shin za a iya kai lambar 102 ɗin nan kan hanya ta hanyar data? Ana iyawa, kuma a cikin gari, daga Arkilla zuwa Mabera ko Runjin Sambo inda 4G ke da ƙarfi, tana yi daidai gwargwado. Da mota ta fita gari ta faɗa 3G ko 2G sai ta zama abin da na bayyana a sama. Kada a ruɗe ka da VoLTE. Shi ma a kan 4G yake tafiya gutsi-gutsi, amma kiran layinka ne na kullum, kamfanin sadarwa ne ke ba shi fifiko a kan sauran data, gatan da WhatsApp da manhajar PBX ba su da shi. In wayar da layin sun yarda da shi a kunna, murya ta fi fita kuma data ba ta tsayawa lokacin kira.

Wurin da duka biyun suke faɗuwa tare shi ne inda babu turke, ko aka kashe shi. Mun gani a Satumbar 2021, da aka rufe sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Starlink, intanet ta tauraron ɗan Adam da ya shigo Nijeriya a 2023, yana ba da Wi-Fi inda babu sabis, amma ya fi dacewa da reshe ko gona da ke zaune wuri ɗaya, ga tsada ga buƙatar wuta. Oba-oba kuwa ta cikin harabar sito ce. Ban ba da shawarar a sa wa direba ita a mota ba, a halin da ake ciki sai ta jawo masa dogon bayani a shingen jami'an tsaro.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, kuma a wurina ya fi kuɗin kati nauyi. Lambar wa kwastomominka suka sani? In kowane yaro da layinsa na kansa yake hulɗa, ranar da ya bar aiki ya tafi da kasuwarka a aljihu, kuma tun da layin da NIN ɗinsa aka haɗa shi ba ka da bakin cewa ya bar maka. Layin CUG da aka yi wa rajista da sunan kasuwancinka naka ne, ka karɓa ka ba wanda ya gaje shi. PBX ma haka, har ya fi, domin yana ajiye bayanin wa ya kira da wanda ba a ɗauka ba. Yana iya naɗar magana, amma in za ka kunna wannan ka sanar da ma'aikata da masu kira, saboda amana da kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Lambar waje ta akwatin kuma ka karɓe ta daga kamfani mai lasisin NCC.

Da ni ne, Alhaji, direbobi da yaran hanya zan yi wa CUG a kan layin da su da kansu suka ce ya fi ɗauka, da ƙaramar waya ga kowa, sannan a ba jagoran kowace mota 'yar data a layin wani kamfani daban don hoto da saƙon murya, in wannan ya ɗauke wancan ya rufa asiri. PBX zan jinkirta shi sai ranar da ka ga kiran kwastomomi yana zubewa don waya ɗaya ce ke hannun mutum ɗaya. Masu zuwa Illela kuma a kashe musu zaɓin netwok na kai-tsaye a saita shi da hannu, domin a bakin iyaka waya tana iya tsallakawa kan sabis ɗin Nijar, kati ya tafi a kuɗin yawo ba tare da yaron ya taka ƙasar ba.