Kwamfuta ko Hita: Wanne Ya Dace da Gwajin Sanyaya Cif?

Masu haɗa inbata a Katsina suna yawan tambayata ko lissafin kwamfuta ya fi dacewa wajen gwada na'urar sanyaya cif (ƙaramin ɓangaren lantarki da ke yin zafi idan yana aiki), ko ƙaramin hita mai fitar da zafi daidai da na cif ɗin.

Manhajar OpenFOAM, mai lissafa yadda iska da zafi ke gudana a kwamfuta, kyauta ce, ba ta ƙona komai, amma tana buƙatar ilimi, kuma sakamakonta ya dogara da alƙaluman da aka ba ta. Hita yana cin kuɗi, sai dai yana nuna ainihin abin da zafin Afrilu mai haura digiri 40 da ƙurar hunturu suke yi wa fankar da ke sanyaya cif, abin da ke da muhimmanci domin iyakar zafin da yawancin transistocin silikon (makunnan lantarki da ke cikin cif) ke iya jurewa kusan digiri 150 ce.

Kwamfuta ta dace da mai tsara sabon zane, hita kuwa da mai shagon da zai miƙa wa abokin ciniki kaya.